Magana a kan Shaidar Mai Rauni, da Labarin Masu Garkuwar Madubi

Da sunan Allah muke farawa, gare Shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya gudanar da ruwa a cikin koguna da ƙoramu, Ya sanya shi abin sha ga mai biyayya da mai saɓo, bai karɓi ko anini daga wurin kowa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Amma bayan haka, ka sani ya ɗan'uwana, Allah shi datar da mu da kai, akwai wata mas'ala da takan zo wa kowane mutum, ko yana zaure gaban malami ko yana rumfa a kasuwa. Mas'alar ita ce: idan wanda ya fi ka ƙarfi da dukiya ya ɗora hannu a kan haƙƙinka, ka kuma tabbata ba ka da ikon ture shi, shin akwai amfani ka tashi ka faɗa, ko kuwa shiru ya fi maka? Mutane sukan ce faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa. Wannan magana tana da gurbinta a cikin ƙananan al'amura, inda haƙuri ya fi ramuwa. Amma akwai haƙƙin da ba na mutum ɗaya ba ne, kamar ruwan da gari duka yake sha, shi kuwa ba a mai da shi wasa. Zan kawo maka labarin wasu mutane na nesa, waɗanda ba harshenmu ɗaya da su ba, ba kuma addininmu ɗaya ba, domin mutum ya fi ganin gaskiyar hukunci idan ba shi da ɗan'uwa a cikin masu shari'ar.

Fasali na farko, a kan mutanen da ƙasarsu

Ka sani, kafin Turawa su ƙetare teku su isa ƙasar da ake kira Amurka, akwai al'ummai masu yawa a cikinta, kowace da harshenta da shugabanninta. Turawa suka laƙaba musu suna Indiyawa, saboda na farkonsu ya yi zaton ƙasar Hindu ya iso. Daga cikin waɗannan al'ummai akwai Lakota da Dakota, mahaya dawaki, mafarautan ɓauna, mazauna faffaɗan filin da kogin Misuri ya ratsa. Gwamnatin Amurka ta ƙulla alkawari da su a rubuce a shekarar 1851 ta Miladiyya, ta sake ƙulla wani a 1868, ta amince cewa ƙasa kaza tasu ce, har da wasu duwatsu da suke girmamawa, waɗanda ake kira Baƙaƙen Duwatsu. A shekarar 1874 aka ga zinariya a cikin duwatsun, a 1877 kuwa gwamnati ta karɓe su. Daga baya aka yayyanka abin da ya rage, aka keɓe wa kowane ɓangare ɗan yanki. Ɗaya daga cikin yankunan shi ne wanda Turawa ke kira Standing Rock, ma'anarsa Tsayayyen Dutse, kuma da wannan suna za mu kira shi.

Sa'an nan ka dubi wannan, ya kai ɗan kasuwa. A shekarar 1980 babbar kotun Amurka ta yanke hukunci cewa an karɓe duwatsun ba bisa haƙƙi ba, ta ce a biya mutanen fiye da dala miliyan 100. Suka ƙi karɓa, alhali gundumominsu suna cikin mafi talauci a ƙasar duka. Kuɗin ya zauna a ajiye har ya haura dala biliyan 1. Kai ka san dalilinsu fiye da kowa, domin ka san karɓar kuɗi shi ne ƙulla ciniki. Mai kaya idan an taya bai yarda ba yakan ce albarka, idan ya yarda ya ce na sallama. Su albarka suka ce. A fiƙihunmu ma, wanda ya ƙwace abu, muddin abin yana nan bai salwanta ba, shi kansa ake tilasta masa ya mayar, ba ya da ikon cewa ga ƙimarsa.

Bayan wannan kuma, gwamnati ta gina madatsar ruwa a kan Misuri, wadda ake kira Owahe, aka buɗe ta a 1962. Ruwanta ya cinye kimanin eka 56,000 na Tsayayyen Dutse, kuma fadamarsu ce mafi kyau, inda itatuwansu da gonakinsu suke. Ka riƙe wannan duka a zuciyarka, don ka gane cewa bututun da zan ba ka labarinsa ya zo ne wa mutanen da aka riga aka sha karɓe musu.

Fasali na biyu, a kan bututun

A jihar Dakota ta Arewa akwai rijiyoyin man fetur masu yawa. Wani kamfani mai suna Energy Transfer ya ƙudura shimfiɗa bututu daga can zuwa jihar Ilinoi, tsawonsa mil 1,172, faɗin bakinsa inci 30, kuɗin aikinsa dala biliyan 3 da miliyan 800, yana ɗaukar kimanin ganga rabin miliyan a kowace rana. Dole bututun ya ƙetare Misuri. Tun farko an duba wata hanya da za ta ƙetare kogin arewa da Bismak, babban birnin jihar, inda mafi yawan mazauna Turawa ne. Aka bar wannan hanya, kuma daga cikin dalilan da aka rubuta akwai kusancinta da ruwan shan birnin. Sai aka zaɓi ya bi ta ƙarƙashin tafkin Owahe, kimanin rabin mil sama da iyakar Tsayayyen Dutse, a cikin ƙasar da alkawarin 1851 ya ce ta mutanen ce.

Adalci ya wajabta in faɗa maka hujjar kamfanin. Sun ce bututun bai shiga yankin da aka keɓe ba, sun ce an binne shi ƙasa da gindin tafkin da fiye da ƙafa 90, sun kuma ce bututu ya fi jirgin ƙasa aminci. Wannan ta ƙarshe tana da ƙarfi, domin a shekarar 2013 jirgin ƙasa ɗauke da man wannan jiha ya kama wuta a wani gari a Kanada, mutum 47 suka mutu. Su kuma mutanen Tsayayyen Dutse suna da tasu hujja: a shekarar 2010 bututun wani kamfani ya fashe a jihar Mishigan, sa'a 17 ba a gane ba, kimanin ganga 20,000 suka zuba har cikin kogin Kalamazu, aka kashe fiye da dala biliyan 1 wajen share shi. Suka ce, idan bututun lafiya lau ne, me ya sa aka nisanta shi daga ruwan Bismak? Idan kuwa da haɗari, me ya sa aka kawo shi kan namu? Wannan tambaya ita ce ƙashin bayan maganarsu, kuma duk wanda ya san cewa imani ba ya cika sai mutum ya so wa waninsa abin da yake so wa kansa, ya san nauyinta.

Fasali na uku, a kan abin da hannuwansu suka aikata

A farkon watan Afrilu na 2016, wato 1437 ta Hijira, wata dattijuwa masaniyar tarihin ƙabilar, mai suna LaDonna Brave Bull Allard, ta kafa zango a filinta kusa da kogin. Samari da 'yan mata suka yi gudun ba-ni-in-ba-ka na kimanin mil 2,000 zuwa Washinton, suna ɗauke da takardar koke. Kafin shekara ta ƙare dubban mutane sun taru a bakin kogin. Suka kira kansu masu tsaron ruwa, kalmarsu kuwa a harshen Lakota ita ce Mni Wiconi, ma'anarta ruwa shi ne rai. Dattawa suka kafa doka a zangon: ba makami, ba giya.

To, mutanen da suka ajiye makami, da me za su yi magana har duniya ta ji? Da sana'ar hannu suka yi. Ka sani wannan ba baƙon abu ba ne gare su. Kakanninsu sun kasance suna ajiye tarihi a kan fatar ɓauna: kowace shekara a zana alama ɗaya ta babban abin da ya faru, alama bayan alama suna zagayawa, akwai kuma mutum ɗaya da aka ɗora wa riƙon fatar, yana karanta wa jama'a. Zane a wurinsu littafi ne na shaida tun kafin su san takarda.

Abu na farko shi ne tutoci. Kowace al'umma da ta zo taimako ta kawo tutarta, aka jera su a gefen hanyar shiga zangon, har suka haura 200. Wanda ya bi ta wannan hanya ba ya bukatar a gaya masa cewa ba ƙabila ɗaya ce take magana ba. Abu na biyu shi ne ƙyallaye. Wasu masu zane biyu daga 'yan asalin Kanada, Christi Belcourt da Isaac Murdoch, suka yi zane-zane a kan sha'anin ruwa, suka yafe haƙƙinsu a kai ga duk wanda zai ɗaga su don kare ruwa da ƙasa. Aka riƙa buga su a kan ƙyalle da hannu, ɗaya bayan ɗaya, ana rabawa kyauta, har aka gan su a biranen da ba su taɓa jin sunan Tsayayyen Dutse ba. Abu na uku shi ne wani dogon gungume da aka kafa a tsakiyar zangon, kowane baƙo yana rubuta sunan garinsu da nisansa a ɗan katako ya buga a jiki, har da na mutanen Sami daga ƙarshen arewacin Turai.

Abu na huɗu, shi ne wanda na sa wa wannan magana sunansa. Wani mai sana'a da aka haifa a Tsayayyen Dutse, sunansa Cannupa Hanska Luger, ya ga labarin wasu mata a ƙasar Yukiren da suka ɗaga madubai a gaban 'yan sanda. Sai ya tsara garkuwa mai araha: a yanka falanki, a manna masa leda mai ƙyalli irin na madubi, a ɗaura igiya ta baya don riƙewa. Ya ɗauki hoto mai motsi na yadda ake yin ta, ya sa a intanet, don kowa ya koya ba tare da biyan kome ba. Mutane a garuruwa daban-daban suka ƙera ɗaruruwa suka aika. Wata rana kuma jama'a suka ɗora garkuwoyin a kansu suka yi tafiya a jere cikin zangon, wanda ya hango su daga sama sai ya ga kamar kogi yana gudana.

Ba su tsira daga wahala ba. A watan Satumba masu gadin kamfani suka saki karnuka a kansu. A daren 20 ga Nuwamba 'yan sanda suka fesa musu ruwa cikin sanyin da ke daskarar da ruwa, mutane da yawa suka jikkata. An kama fiye da mutum 700 kafin al'amarin ya ƙare.

Fasali na huɗu, a kan ma'anar madubi

Ka yi tunani, Allah shi yi maka rahama, a kan wanda aka tsayar a gaban masu tsaron ruwa. Ba shi ne mai bututu ba. Ma'aikaci ne mai albashi, yana da iyali, wataƙila shi ma daga Misuri ruwan gidansa yake zuwa. An rufe masa fuska da hular ƙarfe, an jera shi da irinsa, har ya zama ba ya jin cewa shi wane ne ɗan wane, umurni kawai yake ji. Zalunci mafi yawa haka ake yin sa, ta hannun mutanen da aka hana su ganin kansu. Mai tauye mudu yakan yi sauri ya juye hatsi a buhu, mai shaidar zur yakan sunkuyar da kai, domin kowannensu yana gudun ganin abin da yake yi.

Idan ka jefi irin wannan mutum da dutse, ka ba shi abin da yake nema, domin yanzu ya sami hujja a kanka kuma ya huta da tuhumar zuciyarsa. Idan ka zage shi, zagin zai tsaya tsakaninsa da gaskiya. Amma madubi ba ya zagi, ba ya ƙari, ba ya ragi. Abin da ya tsaya gabansa shi yake nunawa, kuma wannan ita ce siffar shaida adali. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kamanta mumini da madubi ga ɗan'uwansa, ya kuma karantar da mu cewa taimakon azzalumi shi ne a riƙe hannunsa daga zalunci. Saboda haka mai ɗaga madubi yana kare jikinsa, yana kuma yi wa abokin gabarsa nasiha a lokaci ɗaya.

Madubi yana da sharaɗi a kan mai riƙe shi, shi ne ya zama ba datti. A cikin waɗannan dubbai an sami waɗanda suka saɓa wa dattawa, suka ƙona motoci wata rana a watan Oktoba. Masu goyon bayan bututu suka riƙe wannan, suka yi ta nuna shi, har ya rufe wa mutane da yawa ganin sauran. Ka ɗauki darasi: wanda aka zalunta idan ya ƙetare iyaka, ƙura ya shafa wa madubinsa, kuma azzalumi ba zai ga fuskarsa a ciki ba.

Fasali na biyar, a kan falken Zubaidu

Kada ka zaci wannan hanya baƙuwa ce a gare mu. Malaman tarihi sun ba da labarin wani falke daga Zubaidu ta ƙasar Yaman, ya kawo haja Makka kafin aiko Annabi. Wani babba daga Ƙuraishawa, Asi ɗan Wa'ilu, ya karɓi hajar ya hana kuɗin. Falken ya kai kuka wurin wasu manya, suka kore shi, domin baƙo ne ba shi da dangi. Ba shi da takobi, ba shi da rundunar da zai kira. Sai ya hau dutsen Abu Ƙubaisi da fitowar rana, lokacin da Ƙuraishawa suke zazzaune kewaye da Ka'aba, ya ɗaga murya ya rera baitoci yana faɗin abin da aka yi masa a gari mai alfarma. Baitocin suka kunyata mutane. Zubairu ɗan Abdulmuɗɗalibi ya miƙe, wasu gidaje suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'ana, suka yi rantsuwa cewa za su tsaya tare da duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ko baƙo, har a mayar masa da haƙƙinsa. Suka je suka karɓo wa falken kayansa. Wannan shi ne alkawarin da ake kira Hilful Fuduli. Annabi ya halarce shi yana saurayi, kuma bayan Musulunci ya zo ya yabe shi, ya nuna cewa da za a kira shi ga irinsa zai amsa.

Ka lura da abu biyu. Na ɗaya, abin da falken ya yi amfani da shi fasaha ce. Da ya tsaya yana kururuwa kawai, da an ce mahaukaci ne. Amma ya zuba kukansa cikin ma'auni da ƙafiya, yadda kunne zai riƙe, baki zai maimaita, mai laifi kuma ya san cewa za a kai baitocin har kasuwannin Larabawa. Na biyu, wanda aka zalunta da waɗanda suka taimake shi duka ba su kasance a kan Musulunci ba a lokacin, amma wannan bai hana Annabi yabon aikin ba.

Fasali na shida, a kan tambayoyi uku da amsarsu

In ka ce, ya kai almajiri, waɗannan mutane suna da aƙidarsu a kan kogi da duwatsu, wasu zane-zanensu kuma siffofi ne masu rai da suka fito daga wannan aƙida, to ina ruwanmu? Sai mu ce: aƙidarsu ba ita muka ɗauka ba, hukuncin sura kuwa yana nan a littattafan fiƙihu, ka tambayi malaminka. Amma haƙƙin shan ruwa mai tsabta bai rataya ga aƙida ba. Shari'a ta sanya mutane su yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta, ta hana a hana rarar ruwa, ta haramta cutar da maƙwabci ko wane ne shi, ta kuma tsoratar da mu daga addu'ar wanda aka zalunta. Cika alkawari wajibi ne ko da wa aka ƙulla shi. Wanda yake ganin zalunci ne kawai idan ya taɓa nasa, ƙabilanci yake yi.

In ka ce, ya kai falke, ai da man nan motata take kai kaya Legas ta komo, da shi injin niƙa yake aiki, to ba munafunci ba ne in yabi masu ƙin bututu? Sai mu ce: ba a tambaye ka ko mai halal ne ba. Abin tambaya shi ne, wa yake cin riba, wa kuma yake ɗaukar haɗari, kuma shin an nemi yardar mai ɗaukar haɗarin? Kai da kanka ba ka yarda abokin tarayya ya ce riba tasa hasara taka. Ba kuma sai ka je Amurka za ka ga wannan ba. A kudancin Nijeriya, a ƙasar Ogoni, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya sami rijiyar sha a yankin Ogale wadda gubar mai a cikinta ta ninka abin da aka yarda da shi sau 900, ya kuma ce gyaran ƙasar zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Marubucinsu Ken Saro-Wiwa, wanda ya yi shaida da alƙalami, an rataye shi tare da mutum 8 a Fatakwal a 1995. Mu da muke cin amfanin wannan mai, mafi ƙarancin abin da ke kanmu shi ne kada mu raina kukan wanda ake haƙo shi a gonarsa.

In ka ce, kuma wannan ita ce mafi nauyi, ai an ci su. Sai mu ce: gaskiya ne, ba za mu ɓoye ba. A ranar 4 ga Disamba 2016 sashen injiniyoyin soja ya ƙi ba da izinin ƙetare tafkin, mutane suka yi murna. A watan Janairu 2017 sabon shugaban ƙasa, Donald Trump, ya ba da umurnin a ci gaba. A Fabrairu aka tashi zangon, a Yuni mai ya fara gudana. A 2020 wani alƙali ya ce ba a yi cikakken binciken haɗari ba, ya ce a yi, amma kotun sama ba ta yarda a rufe bututun ba.

Sai dai ka tambayi kanka, da me ake auna shaida? Idan ka tsaya gaban alƙali ka faɗi abin da ka gani, ya yanke hukunci saɓaninsa, shaidarka ba ta zama ƙarya ba, kuma nauyin ya sauka daga wuyanka ya koma nasa. An umurce mu da kada mu ɓoye shaida, ba a ɗora mana sai mun yi rinjaye ba. Kuma shiru ba ya barin abu yadda yake. Mai ƙwace yana jiran shirunka ne, domin shekaru su wuce a ce ai mai abin ya yarda. Da mutanen nan sun yi shiru a 2016, da an rubuta cewa bututu ya wuce lafiya ba mai ƙorafi.

Sa'an nan ka duba abin da ya rage. A ranar 5 ga Disamba 2016 wasu tsofaffin sojojin Amurka da suka zo taimako sun durƙusa gaban dattawan Lakota, suka nemi gafara a kan abin da rundunarsu ta yi wa kakannin mutanen. Babu dutsen jifa da zai iya durƙusar da su haka. Gungumen nan mai sunayen garuruwa, a 2017 aka kai shi gidan tarihin 'yan asalin ƙasar da ke Washinton, aka kafa shi a ɗakin da ake nuna alkawuran da gwamnati ta ƙulla da su. Wani bututu kuma mai suna Keystone XL, wanda ƙabilar Ponka ta riƙa shuka masarar kakanninta a kan hanyarsa tun 2014, an soke izininsa a 2021, kamfanin ya bar aikin. Dalilan sokewar suna da yawa, amma muryar mutanen tana cikinsu. Bukkokin zango an rushe su a kwana biyu, ƙyalle da madubi da gungume kuwa sun ci gaba da magana bayan masu su sun watse, kamar yadda muke ba da labarin falken Zubaidu bayan ƙarni goma sha huɗu.

Cikawa

To, ya ɗan'uwana, ga abin da nake so ka tafi da shi. Idan ka ga an taɓa haƙƙin jama'a, rijiya ce ko burtali ko mashaya ko maƙabarta, kada raunin hannunka ya sa ka ce ba ruwana. Ka fara da tabbatar da gaskiyar al'amarin, ka ji hujjar ɗaya ɓangaren kamar yadda ka ji ta kamfanin a nan. Sa'an nan ka faɗa ta hanyar da Allah Ya hore maka. Kai almajiri, hannun da ya iya zayyana a allo ya iya rubuta takardar koke mai tsabta, ya iya rubuta iyakar gonar marayu da sunayen shaidu don kada ta ɓace. Kai mai waƙa, ka tuna falken Zubaidu, ka tsare baitinka daga ƙarya da cin mutunci. Kai ɗan kasuwa, ka san akwai abin da amsarsa albarka ce ko nawa aka taya.

Kafin ka ɗaga madubi gaban wani kuma, ka juyo shi wajenka. Ina kake zubar da baƙin man injinka? Ina ruwan rininka yake gangarawa? Tankin fetur ɗinka, taku nawa ne tsakaninsa da rijiyar maƙwabta? Wanda ya nisanta ƙazanta daga randar gidansa ya tura ta bakin rijiyar talaka, aikin da aka yi tsakanin Bismak da Tsayayyen Dutse ya yi, girma ne kawai ya bambanta.

Allah shi tsare mu daga zaluntar kowa, shi tsare mu daga wanda zai zalunce mu, shi ba mu ƙarfin faɗin gaskiya da ladabin faɗinta. Allah shi gafarta wa wanda ya rubuta, da wanda ya kwafa, da wanda ya karanta, da wanda ya saurara, da iyayenmu da malamanmu baki ɗaya. Allah ne Mafi sani. Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonSa.